NAZARI: Jami'o'i na ta ƙaruwa a Kaduna, amma wa zai karanta Tarihi da Hausa?

A ranar 13 ga Agustan 2025, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da dakatar da kafa sabbin manyan makarantu na gwamnatin tarayya har tsawon shekara bakwai. Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya kafa hujja da alƙaluman hukumar JAMB: jami'o'i 199 ne kowacce ta samu ƙasa da masu neman gurbi 100, kuma 34 daga cikinsu ko mutum ɗaya bai neme su ba. A zaman nan dai majalisar ta amince da lasisin sabbin jami'o'i masu zaman kansu guda tara.

Ƙasar da ke da jami'o'i biyar kacal a 1962 yau tana da kusan 300. Jihar Kaduna ta samu kasonta cikin wannan bunƙasa. Bayan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Horas da Hafsoshin Soja ta NDA, an kafa Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, a 2004 zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi. Cibiyar fasaha ta sojojin sama, AFIT, ta samu matsayin jami'a, Greenfield ta buɗe a kan hanyar Abuja, an ɗaga darajar Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Zariya zuwa jami'a, sannan a 2025 gwamnatin tarayya ta karɓe Jami'ar Nok da ke Kachiya ta mayar da ita jami'ar kimiyyar aikace-aikace.

Duk wanda ya duba sunayen sabbin jami'o'in tarayya a Arewa zai ga inda aka dosa: ta sufuri a Daura, ta fasaha a Baɓura, ta kimiyyar lafiya a Azare, ta aikin gona a Zuru. Babu laifi a ko ɗaya daga cikinsu. Abin dubawa shi ne makomar fannonin da aka bari a baya, wato tarihi, harsuna, adabi, falsafa da nazarin addini, a jihar da manyan rikice-rikicenta suka samo asali daga ƙasa, sarauta, addini da yadda kowane ɓangare ke ba da labarin jiya.

Yadda aka mayar da su saniyar ware

Raina waɗannan fannoni yana da tushe a dokokin ilimi. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta daɗe da ware kashi 60 cikin ɗari na guraben jami'o'i ga kimiyya, ta bar kashi 40 ga dukkan sauran, daga shari'a da tattalin arziki har zuwa Larabci da Hausa. A makarantun sakandare kuwa, al'adar da kowa ya sani ita ce a tura masu ƙoƙari ajin kimiyya, a tattara sauran a ajin da ɗalibai ke kira na 'yan art. Yaro yana fahimtar saƙon tun yana ɗan shekara goma sha huɗu.

Sai batun kuɗi ya zo ya ƙara wa lamarin nauyi. A 2021 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ƙara kuɗin karatu a KASU daga abin da bai kai Naira 40,000 ba zuwa aƙalla Naira 150,000. Gwamna Uba Sani ya rage shi zuwa Naira 105,000 a watan Agustan 2023. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 ya kawo sauƙi, amma bashi ne da za a fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Magidanci a Badarawa ko Unguwar Dosa ko Kawo, wanda ke haɗa kuɗin makaranta da na haya da na magani daga albashi ɗaya, yana da hakkin ya tambayi ɗansa abin da zai ci da digirin Tarihi. Ba jahilci ne ya sa shi tambayar ba, lissafi yake yi.

Sai dai lissafin yana da rami. Rashin aikin yi a Kaduna bai ware mai digirin adabi ba. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe, UNTL da sauran masaƙun Kakuri sun bi sahu, matatar mai da aka buɗe a 1980 ta shafe shekaru ba ta tace ko lita ɗaya ba, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya zama inuwar abin da yake a da. Waɗannan su ne wuraren da ya kamata su ɗauki injiniyoyi da masana sinadarai. Yau a shagunan POS da na sayar da waya a Kasuwar Barci da Titin Ahmadu Bello za ka tarar da mai digirin injiniya da mai digirin Hausa suna zaune benci ɗaya. Tattalin arzikin da ba ya samar da aiki shi ya zaunar da su duka biyun.

Daga ina Zariya ta samu suna?

Daga Badarawa tafiyar 'yan mintuna ce zuwa Titin Rabah, inda gidan Sardauna Sir Ahmadu Bello yake. A nan aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, a nan kuma aka kafa cibiyar adana tarihi ta Arewa House a 1970, Farfesa Abdullahi Smith ya zama daraktanta na farko, daga baya ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Da yawa daga matasan unguwannin da ke kewaye sun san wurin ne a matsayin zauren taron 'yan siyasa da na ɗaurin aure. Kaɗan ne suka taɓa shiga ɗakin da ake ajiye rubuce-rubucen Larabci da Ajami da takardun tsohuwar gwamnatin Arewa.

ABU ta yi fice a aikin gona, likitanci, injiniya da zanen gine-gine, babu mai musun haka. Amma idan aka ambaci Zariya a zaurukan ilimi na duniya, abin da ya fi zuwa a rai shi ne mazhabar tarihi da Abdullahi Smith ya assasa, wadda ta haifar da irin su Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Mahmud Modibbo Tukur. Aikin Bala Usman a kan sauye-sauyen Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya rushe tunanin Turawan mulkin mallaka da ke fassara tarihin ƙasar Hausa a matsayin faɗan ƙabilu kawai. Na Mahmud Tukur ya tona yadda Ingila ta ci Arewa da yaƙi tsakanin 1897 da 1914, ta amfani da takardun da Turawan suka rubuta da hannunsu. Tun kafin a buɗe jami'ar ma, a 1958, ɗaliban zane na kwalejin Zariya irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta sauya alkiblar zanen zamani a Najeriya. A Zariyar ne kuma Abubakar Imam ya fara jagorantar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Kayan aikin waɗannan mutane ɗakin karatu ne, da takarda, da lokacin bincike, da 'yancin faɗin abin da suka gano. Gwamnatin soja ta fahimci ƙarfin hakan, shi ya sa ta kori malamin nazarin zamantakewa Patrick Wilmot daga ƙasar a 1988, ta kuma yi ta neman raba Bala Usman da aikinsa.

Yau ma'aunin daraja ya sauya. Shugabannin jami'o'i suna alfahari da matsayinsu a jadawalin Times Higher Education, wanda ke dogara sosai a kan maƙalolin da aka buga a mujallun da ke rumbun Scopus, galibinsu da Turanci. Malamin da ya shafe shekaru yana tattara waƙoƙin baka, ko yana fassara wani tsohon rubutun Ajami, ko yana rubuta bincikensa da Hausa a mujallar sashensa, kusan ba ya ƙara wa jami'arsa maki a wannan jadawali. Abin da ba a ƙirgawa kuwa, da wuya a ware masa kuɗi.

Asarar da jiha ke tafkawa

Rikicin da ya ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa cikin kwanaki. Na Zangon Kataf a 1992 ya faro ne daga batun sauya wa kasuwa matsuguni, amma a ƙarƙashinsa akwai tsohuwar jayayya a kan mallakar ƙasa da ikon sarauta. Rikicin Shari'a na 2000, da na 2002, da na bayan zaɓen 2011, su suka raba birnin Kaduna gida biyu, kogi ya zama iyaka tsakanin maƙwabtan jiya. A kowane ɗaya daga cikinsu, ɓangarorin sun zo gaban kwamitocin bincike ɗauke da nasu labarin tarihi. Takardun da za su taimaka wajen tantance iƙirarin kowa suna nan a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House. Karanta su yana buƙatar wanda aka horar ya san Larabci da Ajami da Turancin rahotannin di'o-di'o, ya kuma iya bambance shaida da farfaganda. Inda aka rasa irin wannan mutum, masu yaɗa tarihi a Facebook da TikTok su ke cike gurbin.

Gwamnatin tarayya ta cire Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga firamare da ƙaramar sakandare tun zangon karatu na 2009/2010. Da aka tashi dawo da shi a watan Nuwamban 2022, malamai 3,700 aka zaɓa don horarwa a zagayen farko, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. Jihar Kaduna kaɗai tana da makarantun firamare na gwamnati fiye da 4,000. Shekaru goma sha uku na rufe ƙofar aikin koyarwa sun isa su kashe sha'awar ɗalibai ga fannin, ga shi yanzu ana neman malamai ido rufe.

Haka batun harshe. A Nuwamban 2022 gwamnati ta amince da koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. A Nuwamban 2025 Minista Alausa ya sanar da soke manufar, yana ɗora mata laifin faɗuwa jarrabawa. Amma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci sun yi fice, har a darasin Turanci. Sirrin gwajin shi ne an rubuta littattafai, an ƙirƙiro kalmomi, an horar da malamai. Wannan aikin masana harshe ne, kuma ba a yi shi yadda ya kamata ba kafin a ayyana manufar ta gaza. A jihar da a 2017 malaman firamare 21,780 daga cikin kusan 33,000 suka faɗi jarrabawar gwaji, tambayar wanda zai koya wa yaro karatu da rubutu, da wane harshe, ta fi ƙarfin a bar wa 'yan siyasa su kaɗai.

Ba Najeriya kaɗai ke cikin wannan muhawara ba. A 2015 ministan ilimin Japan ya nemi jami'o'in gwamnati su rufe ko su sauya fasalin tsangayoyin adabi da zamantakewa, lamarin da har ƙungiyar manyan 'yan kasuwar ƙasar ta soka. A 2023 Jami'ar West Virginia ta Amurka ta soke digirorin harsunan waje. Bambancin shi ne waɗannan ƙasashe sun riga sun rubuta tarihinsu da ƙamusoshinsu. Harsuna da dama na kudancin Kaduna har yau ba su da cikakken ƙamus.

Laifin cikin gida

Su ma tsangayoyin suna da nasu alhakin. Ɗalibai da yawa ba su ne suka zaɓi Tarihi ko Hausa ba, an jefa su can ne bayan sun rasa gurbin shari'a ko aikin jarida. Akwai sassan da ɗalibi ke gama shekara huɗu da haddar takardun darasi, bai taɓa zama gaban dattijo da rikoda ba, bai taɓa buɗe fayil a gidan adana takardu ba, sannan ya rufe da kundin da aka kwafo daga na wasu. Irin wannan digiri ya cancanci rainin da ake masa. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 da ƙaurar ƙwararrun malamai sun ƙara dagula lamarin.

Kasuwar kuwa tana nan. Sashen Hausa na BBC yana aiki tun 1957, ga gidajen rediyo da talabijin na Kaduna, ga Kannywood, ga kafofin intanet da ke neman editoci da masu fassara da masu tantance labarai. Google ya sanya Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, kuma kamfanonin ƙirƙirarriyar basira na neman masu ƙwarewa a harshen. Bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a 2017 da na HIBAF da ya biyo baya sun nuna cewa Kaduna tana da matasa masu karatu da rubutu. Sabon tsarin manhaja na hukumar NUC da aka ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta. KASU na iya amfani da wannan dama ta wajabta wa ɗalibin Tarihi zango guda a Arewa House, ɗalibin Hausa kuma a ɗakin labarai ko wurin fassara. Asusun TETFund, wanda aka fi sani da gine-gine, na iya ɗaukar nauyin mayar da tsofaffin takardu zuwa kwamfuta kafin gara da damina su gama da su.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, 'yan takara za su zo da alƙawarin jami'a a kowace mazaɓa, domin gini da allon suna su ake iya nunawa a hoton yaƙin neman zaɓe. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Matasan da za su tarbe su a Badarawa da Malali na da tambayoyin da suka fi alƙawarin amfani: malamai nawa ke koyarwa a jami'ar da ake da ita, nawa aka ware wa ɗakin karatu da bincike a kasafin bana, kuma malaman Tarihi nawa jihar ta ɗauka tun da aka dawo da darasin?