Mu daina koya wa ƙannenmu TDB

Shekaranjiya wajen ƙarfe biyu na dare na leƙa wani ɗakin lakca neman wurin cajin waya, sai na tarar da ƙannenmu 'yan aji ɗaya sun kai ashirin. Rabinsu sun kifa kai a benci suna minshari. Wani ya tsoma ƙafa a bokitin ruwa wai kada barci ya sace shi. Wata ta buɗe littafi a gabanta, amma TikTok take kallo. Wai TDB ake yi, karatu har gari ya waye, kuma da ƙarfe takwas za su shiga tes.

Ban ga laifin yaran ba. Laifinmu ne, mu manya. Yaro ya baro gida ya zo Kudu bai san kowa ba, sai ya manne wa yayyensa Hausawa. Me muke ce masa? "Kai dai ka huta, sai jarrabawa ta matso mu ba ka tsofaffin tambayoyi, ka yi TDB na sati biyu, shi ke nan." Wallahi wannan cuta ce, ko da da kyakkyawar niyya aka faɗa. Ni ma haka aka gaya mini, na bi, na kwaso keri-oba biyu a shekarar farko, kuma har na gama digiri ina biyan bashinsu.

Ga lissafin da ba mai zaunar da su ya yi musu. A yawancin jami'o'inmu A maki 5 ce, B 4, C 3. Digiri mai daraja ta ɗaya daga 4.50 yake farawa, na biyu na sama daga 3.50. A ce kwas ɗinka na shekara huɗu ne, nauyin darussan kowace shekara ɗaya, ka gama aji ɗaya da 2.0. Kafin ka kai 3.50 sai ka ci 4.0 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Daraja ta ɗaya kuwa ta tafi, ko da A za ka jera har ka fita. A shekarar da muke ce wa yaro ya huta, a nan ake yanke masa hukunci.

Abin da ya fi ba ni haushi, mu fa mun san yadda ake karatu tun kafin mu ga ƙofar jami'a. Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya sani: kaɗan ake rubuta maka, ka yi ta maimaitawa, ka je gaban malam ka biya, sai ya gamsu kafin ka wanke. Mai hadda kullum yana tilawar baya. Kun taɓa jin wanda ya haddace izu a dare ɗaya da kofin Nescafe? Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, tun 1885 ya nuna cewa mafi yawan mantuwa a sa'o'i da kwanakin farko take faruwa, kuma bita a rarrabe ita ke riƙe abu. Alarammomi ba su jira shi ba. Mu ne muka shigo boko muka yar da abin.

Kuma barcin da ake yaƙa da goro da ruwan sanyi, a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta. Ka hana ta, gobe a ɗakin jarrabawa kana ganin shafin a idonka, har kalar biron da ka ja layi, amma amsar ta ƙi zuwa.

Na san abin da za a ce a ƙasa. Hostel ba wuta, mutum takwas a ɗakin mutum huɗu, wasu da rana suna neman na abinci. Tun yajin aikin ASUU na 2022, da ya ci wata takwas, makarantu da yawa sun yi ta matse semista. Duk gaskiya ne. Ban ce kada a yi karatun dare ba. Idan lokacinka ke nan, yi awa biyu ko uku ka je ka kwanta. Abin da nake yaƙa shi ne tara karatun wata uku a jibge shi a daren tes. Idan semista gajera ce ma, ai shi ne dalilin farawa tun satin farko.

Ƙanina, ƙanwata, ga abin da zan so a ce an gaya mini. Ranar da aka yi lakca, ranar za ka duba ta, ko minti talatin ne bayan la'asar. Sannan ka rufe littafin ka rubuta abin da ka tuna. Inda ka tsaya, nan ne ba ka gane ba. Idan Turancin lakcara ya yi maka sauri, kada kunya ta sa ka haddace abin da ba ka fahimta ba. Samu abokin da za ka yi wa bayani da Hausa, ya tsare ka da tambaya. Makin tes da aikin gida talatin ne ko arba'in cikin ɗari, ya danganta da makaranta, kada ka yi wasa da su. Tsofaffin tambayoyi kuma ka gwada kanka da su, ba su ne karatun ba.

Ku kuma yayye masu alfahari da "ni sau ɗaya nake karanta abu", don Allah idan za ku ba yaro shawara, ku haɗa masa da takardar sakamakonku ya gani.