Ciwon da Ba Ya Jini

Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai ranar 26 ga Mayu, 2018, bai manta da Loris Karius ba. Golan Liverpool ya jefa ƙwallo a ƙafar Benzema, daga baya ta Bale ta sulluɓe daga hannunsa, Real Madrid ta ci 3-1. A gidajen kallo mun yi masa wankin babban bargo. Bayan 'yan kwanaki likitoci a birnin Boston na Amurka suka duba shi, suka ce ya samu buguwar ƙwaƙwalwa a wasan. Gwiwar hannun Ramos ta same shi a ka mintuna kaɗan kafin kuskurensa na farko. Mu kuwa tuni mun gama yanke masa hukunci.

Irin wannan hukuncin muke yankewa a shaguna da ofisoshinmu, kuma zalunci ne.

Ɗan yayata yana riƙe da kuɗi a wani babban shagon kayan masarufi. Ya faɗo daga acaɓa a hanyarsa ta zuwa aiki, kansa ya daki kwalta. Bai suma ba, bai yi jini ba, hoton kai ma bai nuna komai ba. Kwana uku maigidansa ya kira: “Ai an ce lafiyarka lau, sai ka fito.” Ya fito. Hasken fitilun shago yana sara masa kai, lissafin da yake yi ido rufe ya koma ƙwace masa, yana ba da canji sau biyu. Aka fara zaftare masa albashi. A gida yana faɗa kan abin da bai kai ya kawo ba, har wasu suka fara raɗe-raɗin ko ya fara shaye-shaye, wasu suka ce iska ce. Kafin wata ya cika an sallame shi.

Da ƙafarsa ce ta karye, da maigidan nan da kansa zai zo dubiya da ledar lemo. Mu sai mun ga jini ko bandeji muke yarda mutum ba shi da lafiya.

Ƙwaƙwalwa abu ce mai taushi da ke cikin ruwa a ƙoƙon kai. Idan kai ya bugu, sai ta girgiza, aikin jijiyoyinta ya hargitse. Yawancin masu wannan buguwa ba sa suma, kuma hoton CT yana neman zubar jini ne da karaya, saboda haka sau da yawa yakan fito fes alhali mutum yana fama. Ciwon kai, jiri, mantuwa, saurin fushi, rikicewar barci, ƙin haske da hayaniya, duk alamunta ne. Galibi ana warkewa cikin mako biyu zuwa huɗu, wasu kuwa sai sun yi watanni. Mafi haɗari shi ne a sake buguwa kafin ta farko ta warke. To yi tunanin direban adaidaita ko magini a kan bene da aka tura aiki yana jin jiri.

Na san abin da za a ce: talaka idan bai fita ba, tukunya ba ta hawa wuta, kuma mai shago ba gidan marayu ya buɗe ba. Gaskiya ne. Amma ba wanda ya ce a kwantar da mutum wata shida. Likitoci ma sun daina cewa a kulle shi a ɗaki mai duhu. Abin da suke cewa shi ne hutun kwana ɗaya zuwa biyu, a rage kallon waya, sannan a koma harkoki sannu a hankali: rabin yini, aiki marar nauyi, hutu tsakani, ban da tuƙi da hawa sama sai alamun sun gushe. Idan kuwa amai ya yawaita, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci ya ƙi sakinsa, ko ya yi farfaɗiya, asibiti za a nufa nan take. Me wannan zai rage wa mai shago? Da an mayar da ɗan yayata jera kaya na mako biyu, da yau yana nan kan teburinsa, da maigidan bai sha wahalar koya wa sabon yaro aiki ba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010, wadda hukumar NSITF ke aiwatarwa, ta haɗa har da haɗarin da ya samu ma'aikaci tsakanin gidansa da wurin aiki. Sai dai wa ya yi wa yaron shago rajista? Inda takarda ba ta kai ba, nauyin yana wuyan maigida da ƙungiyoyin sana'a da 'yan uwa. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗin tikiti kowace safiya a tasha ba za ta kasa ciyar da gidan ɗanta na mako biyu ba.

A 2024 hukumar IFAB mai tsara dokokin ƙwallo ta amince da ƙarin canji na musamman ga ɗan wasan da ake zaton ya bugu a ka. Harkar da minti ɗaya ke cin miliyoyi ta yarda a fitar da mutum ya huta. Kai da ke da ma'aikata biyar, idan ɗayansu ya bugu a ka ya ce maka kansa bai dawo daidai ba, ka yarda da shi, ka sauƙaƙa masa aiki, ka bar masa gurbinsa.