Bayan Haɗari: Asibiti Tukuna, Sannan a Nemi Hakki

Babu wadda ta manta da daren Talata 15 ga Oktoba, 2024, sa'ad da tankar man fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Jama'a suka taru ɗiban mai, sai wuta ta tashi. Aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja, wasu har Dutse da Kano. Cikin kwanakin farko aka ƙirga mamata fiye da 150, adadin kuwa ya yi ta ƙaruwa har ya haura 180, domin waɗansu sun cika ne a gadon asibiti. Allah ya jiƙansu. Mu nan Kafin Hausa wannan hanya tamu ce, ita mazajenmu da 'ya'yanmu ke bi zuwa Kano.

Abin da nake so mu duba shi ne abin da kan biyo bayan haɗari, domin jinya dai a hannunmu mata take ƙarewa.

Ki ɗauki ƙuna. Da yawanmu sai mu ruga mu fasa ɗanyen ƙwai, ko mu shafa manja ko man goge baki. Wannan ba ya kashe zafi, sai dai ya kai datti cikin ciwo. Abin da likitoci suka ce shi ne a yi ta kwarara ruwa mai tsabta mai sanyi kamar minti 20, a cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a nufi asibiti. Kada a fasa bororo.

Amma wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ciwon da ido ba ya gani. Yaro ya faɗo daga babur, ya miƙe ya kakkaɓe riga, kowa ya ce an auna arziki. Alhali jini na iya tsiyaya a cikin kai ko cikin ciki ba a sani ba. In kin ga amai, ko barci mai nauyi, ko ciki ya ɗaure, ko magana ta rikice, kada ki jira gari ya waye, kada ma ki jira maigida ya dawo daga fadama. Yana da kyau ku yi wannan magana da shi tun yau, ya ba ki izini tun kafin rana ta ɓaci. Wata ɗalibata ta yi wata uku ba ta zo aji ba, saboda an ɗaure mata karaya a gida da karare, aka matse har yatsu suka yi baƙi. Ba na raina masu ɗori, sun gaji sana'arsu, amma ba su ganin cikin ƙashi. A ɗauki hoto tukuna.

Wata za ta ce, "Malama, in mun je ai sai an nemi kuɗi ko takardar 'yan sanda." To ki sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin duba mai neman taimakon gaggawa, kowane irin dalili ne kuwa, har da tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. In a kan titi ne, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kira kyauta.

Sai batun hakki, inda muka fi yin sake. Direba ya bankaɗe yaro, dattawa su zo ban haƙuri, a ce ƙaddara ce, a ba da ɗan abin sayen magani, shi ke nan. Bayan wata shida kuɗin asibiti ya cinye awakinki da kwanukan ɗakinki. Yafiya alheri ce, amma addini kansa ya tanadi diyya ga rai da gaɓoɓi, ba abin kunya ba ne a tambaya. Doka kuma ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya wanda aka yi wa rauni. Saboda haka a kai rahoto ga 'yan sanda tun ranar, a rubuta lambar motar, a san waɗanda suka gani. Katin asibiti, da hoton ƙashi, da kowane rasit, ki adana su a ƙasan akwati. Ku 'yan makaranta, nan ne karatunku zai yi wa iyaye rana: ku riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka kashe.

Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a takardar sulhu sai an karanta miki ita, kuma sai likita ya faɗi iyakar ciwon. In ba ku da kuɗin lauya, akwai hukumar gwamnatin tarayya mai ba talakawa lauya kyauta, wadda aka kafa tun 1976, tana da ofis a Dutse, kuma neman diyyar haɗari yana cikin aikinta. A gaggauta dai, domin ƙara tana da wa'adi. In ma'aikacin hukuma ne ya yi ɓarnar a bakin aikinsa, wa'adin kan gajarce ƙwarai, wani lokaci wata uku kacal.