Ƙiba a Ƙasar da Ta San Yunwa

Duk wanda ya tashi zai yi wa mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji magana a kan illar ƙiba, wajibi ne ya fara da neman ahuwa, domin kuwa ƙasa ce wadda ta san yunwa ido da ido, wadda har yau uwaye ke goya 'ya'yansu zuwa likita a auna musu damtse da ɗan zaren nan mai ja da rawaya da kore, kuma wadda ba ta manta da shekarar 2005 ba, sa'ad da rumbuna suka ƙare, hatsi ya yi tsadar da ta gagari talaka, ƙungiyar likitoci ta MSF ta karɓi dubun-dubatar yara masu tamowa a jihar Maraɗi. Ban jahilci wannan ba. Hasali ma dai, shi ne dalilin da ya sa na ga ya kamata a yi maganar, saboda mutumin da yunwa ta taɓa razanawa, da wuya ya yarda cewa cikar jiki tana iya zama cuta.

A al'adarmu, in ɗan kasuwa ya sami buɗi a cinikin aya ko riɗi ko wake, ya bar tafiyar ƙasa ya koma bisa babur, tumbi ya fara turo riga, sai a ce Alhaji ya ji daɗi, hutu ya zauna masa. In amarya ta yi wata shida a ɗaki ta zo ganin gida, abin da gwaggo da inna ke fara dubawa shi ne wuyanta da damatsanta. In ta murje a sa wa miji albarka, in kuwa ta dawo yadda ta tafi, sai a shiga raɗa cewa ko ba ya ciyar da ita, ko kishiya ta hana ta sakat, ko kuma akwai wata cuta da ake ɓoyewa. Wannan raɗa, wadda masu yin ta ba su ɗauke ta bakin kome ba, ita ce ke tura yarinya wurin mai tallan magani a ranar kasuwa, ta miƙa 'yan dalolinta ta karɓi ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe.

A nan nake so mu dakata, don al'amarin ya fi yadda ake zato muni. Galibin waɗannan ƙwayoyi, irin su dexamethasone, magunguna ne masu ƙarfi da likita ke bayarwa da awo ga mai asma ko wani kumburi mai tsanani. Wadda ta mai da su abin sha kullum za ta ga fuskarta ta yi fam kamar wata daren sha huɗu, cikinta ya fito, ta zaci ni'ima ce, alhali kuwa ruwa ne jiki ya tara da kitse da ya taru inda bai dace ba. A ƙarƙashin wannan, jini yana hawa, sukari yana hawa, ƙashi yana raunana, garkuwar jiki tana lalacewa. Abin da ya fi ban tsoro, wadda ta daɗe tana sha ba ta da halin yankewa rana ɗaya, domin yin haka yana iya kai ta ga halaka. Sai dai ma'aikacin lafiya ya riƙa rage mata sannu a hankali. Ina roƙon duk wadda ke jin muryata, in tana cikin wannan hali, ta tafi likita ta faɗi gaskiya ba tare da jin kunya ba.

Ba ƙwaya kaɗai ke kawo ƙiba ba. Wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji ya wuce Tsibiri da Cadawa har Agye da Gazawa, zai ga yadda cimarmu ta sāke: inda dā tuwon gero ne da miyar kuka, da fura, da kwaɗon zogale ko tafasa, yanzu shinkafa ce da taliya suna iyo cikin mai, ga lemun kwalba, ga shayin fada zagaye uku, kowane zagaye da nasa tulin sukari. Injin niƙa ya sauƙaƙa wa mata wahalar turmi, wannan kuwa rahama ce da ba mai hankalin da zai yi baƙin ciki da ita, sai dai jikin da ya rage aiki bai rage ci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana da ƙiba mai cutarwa, kuma yawanta a tsakanin manya ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi yana gwada nauyi da tsawo: mai tsawon mita 1 da santimita 60, in ya wuce kilo 64 nauyinsa ya fara yawa, in ya kai kilo 77 ya shiga sahun masu ƙiba. Daga nan ne ake samun hawan jini, wanda muke ce wa tansiyo, da ciwon sukari, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwar da ke hana dattijuwa yin sujada, da wahalar naƙuda ga mai ciki. Masana sun kuma lura cewa wanda ya sha tamowa yana jariri, in ya girma ya yi ƙiba da sauri, waɗannan cututtuka sun fi saurin kama shi; yaran 2005 kuwa su ne samari da amaren yau.

Akwai kuma ciwon da ba a auna shi da sikeli. Na san wata 'yar'uwata, wadda aka yi ta yaba wa cikar jiki tana amarya, har haihuwa ta huɗu ta bar ta da nauyin da ya fi ƙarfin ƙafafunta; bakunan da suka yabe ta jiya, su ne suka laƙaba mata suna, ɗan kabu-kabu ya ce sai ta biya kuɗin mutum biyu, mai gida ya fara yi mata gori a gaban kishiya. Ta daina zuwa biki da suna, ta daina zuwa makarantar Islamiyya, ta kulle kanta a ɗaki, baƙin ciki ya sa ta ƙara ci, ci ya ƙara mata baƙin ciki. Ranar da na ziyarce ta, ba ta yi mini kukan gwiwa ba, abin da ta ce shi ne, "Yaya, kunyar fita nake ji." Wallahi maganar nan ta daɗe tana yi mini nauyi a zuciya, domin ni ma ina cikin waɗanda suka yi shiru lokacin da ake yi mata dariya.

Addininmu bai bar mu cikin duhu ba ta kowane ɓangare. Aya ta 31 ta Suratul A'arafi ta halatta ci da sha ta hana israfi, hadisin da Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba ya karantar da mu kasa ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, aya ta 11 ta Suratul Hujurati kuwa ta haramta izgili da jifan juna da munanan laƙabi. Malamanmu suna yawan jan hankali a kan na farko da na biyu, musamman da azumi. Ina fata limaman Juma'a za su haɗa da na ukun, su ambaci mai ƙiba da ramammiya duka.

Ga wanda nauyi ya riga ya hau kansa, likitoci ba su ce sai ya koma kamar sanda ba. Mai kilo 90, in ya sauke 5 zuwa 9 ta hanyar rage sukari da mai da tafiyar rabin sa'a a ƙasa kullum, jininsa da sukarinsa sukan sassauta. Magidanta kuwa, ku ne ke ba da kuɗin cefane, ku ne kuma ke ba da izinin fita. In uwargida za ta kai yaro awo cibiyar lafiya ta CSI, ku ce mata ita ma ta hau sikelin, a ɗaura mata abin awon jini kafin ta dawo gida.