Kufan Attajiri da Kufan Manomi a Tsaunin Rivington

A arewa maso yammacin Ingila, tsakanin garin Bolton da na Chorley, akwai jerin tuddai masu sanyi da yawan iska, waɗanda samansu babu bishiya sai ciyawa mai kaushi da dausayi mai baƙar ƙasa. Duk ƙarshen mako jama'a kan fito daga Manchester da Preston da garuruwan kewaye su hau shan iska, kuma yawancinsu wuri ɗaya suke dosa, wato lambun da attajirin sabulu William Lever ya sa aka sassaƙa a jikin tsaunin Rivington, da matakalansa na dutse, da gadarsa mai baka bakwai, da doguwar hasumiyar da ake danganta ta da tantabaru. Gidan da aka yi lambun dominsa ya daɗe da rushewa, sai guntun daɓen tayil fari da baƙi a cikin ciyawa. Wanda ya ƙara tafiya arewa zuwa tudun Anglezarke da Great Hill zai tarar da wani irin kufai na daban: Drinkwaters, Hempshaws, Simms, Old Rachel's. Gidajen manoma ne a da, yanzu tarin duwatsu ne da ginshiƙan ƙofa da 'yan bishiyoyin da aka dasa don tare iska. Ina ganin kulawar da ake ba waɗannan kufai biyu ba ta yi daidai ba, domin an raba ta gwargwadon arzikin masu gidajen, alhali kufan manoman ya fi ɗauke da shaidar abin da ya faru da wannan ƙasa.

Ƙishirwar birnin Liverpool ce ta haɗa labarin gidajen biyu. A tsakiyar ƙarni na 19 birnin ya cika ya batse, ruwan rijiyoyinsa bai isa ba, kwalara ta yi masa ɓarna a 1832 da 1849. Sai hukumar birnin ta juya ga waɗannan tuddai, injiniya Thomas Hawksley ya tsara jerin madatsun ruwa a kwarin Rivington da Anglezarke, ruwan ya isa Liverpool a 1857. Shekaru da dama manoma suna zaune a saman madatsun, suna kiwon shanu da tumaki. Amma da likitoci suka tabbatar cewa taifot ta ruwan sha take yaɗuwa, musamman bayan annobar da ta faɗa wa garin Maidstone a 1897, hukumomin ruwa suka fara ɗaukar kowane garke da kowane masai da ke saman madatsa a matsayin barazana. Dokar da majalisar dokokin Birtaniya ta yi wa hukumar Liverpool a 1902 ta ba ta ikon mallakar ƙasar da ruwan ke gangarowa daga cikinta. Manoman kuwa mafi yawansu 'yan haya ne, ba su da takardar mallaka da za su kafa hujja da ita, saboda haka cikin shekarun da suka biyo baya gidajen suka mutu ɗaya bayan ɗaya, aka rushe da yawa daga cikinsu. Ko babban gidan Hollinshead Hall da ke kusa da Tockholes bai tsira ba; abin da ya rage a tsaye shi ne ɗan ɗakin dutse da aka gina a kan idon ruwa.

Wannan doka ta taɓa Lever ma, sai dai ya fita da rabonsa. Ya sayi gandun Rivington a 1900, kuma da Liverpool ta zo da buƙatarta yana da kuɗin lauyoyi da bakin magana a gaban majalisa. An bar masa kimanin eka 45 a jikin tsaunin, aka kuma tabbatar da filin shaƙatawa da ya yi wa mutanen Bolton, garin haihuwarsa, wanda aka buɗe a 1904. Daga wajen 1905 Thomas Mawson ya shiga tsara masa lambun. A 1913 Edith Rigby, mai fafutukar neman wa mata 'yancin jefa ƙuri'a, ta ƙona gidan Lever na katako, ya sake gina wani da dutse. A ƙasan tsaunin, gefen madatsa, ya sa aka fara gina kwaikwayon kangon tsohuwar fadar Liverpool a 1912, ginin da tun farko aka tsara shi ya yi kama da rusasshe, kuma ba a ƙarasa shi ba har ya rasu a 1925. Wannan ya isa abin tsayawa a yi tunani: a zamanin da ake mayar da gidajen talakawa kufai na gaske a saman tudu, ana biyan magina su ƙera kufai na ado a ƙasansa. Daga baya shi ma gidan Lever ya faɗa hannun hukumar Liverpool, aka rushe shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lambun ya koma daji.

A 2016 asusun adana kayan tarihi, wanda kuɗinsa ke fitowa daga cacar ƙasa, ya ware sama da fam miliyan 3 don gyara lambun. An share hanyoyi, an tada bango, an yashe tafkuna, kuma aiki ne mai kyau wanda ban ga laifinsa ba. Sai dai babu kufan gona ko ɗaya a kan tudun da ya ga kwatankwacin wannan kuɗi. Abin da aka sani game da iyalan da suka zauna a can, yawancinsa masu son tarihi na yankin ne suka tsinto shi daga takardun ƙidaya da rajistar coci da tsofaffin taswirori. Mai ziyara yana iya sauka daga tsaunin ya san sunan wanda ya tsara lambun attajiri, bai san ko sunan iyali ɗaya da aka tasa ba.

Za a ce mini ruwa mai tsabta ya ceci rayuka dubbai, kuma idan aka ɗora lafiyar birni guda a sikeli da 'yan gonaki marasa albarka, ba sai an yi gardama ba. Na yarda da rabin farko gaba ɗaya. Jami'an da suka ga yadda taifot ke ɗibar yara ba mugaye ba ne, kuma a lokacin zuba sinadarin kulorin a ruwan gari bai zama al'ada ba. Birnin Lincoln ya fara yin haka a kai a kai ne a 1905, shi ma bayan annoba. Amma amfanin aiki ba ya shafe sunan wanda ya biya kuɗinsa. Idan ruwan Liverpool abin alfahari ne, to waɗanda suka bar gidajen iyayensu domin ya tsarkaka suna da kaso a cikin alfaharin, kuma mafi ƙanƙantar haƙƙinsu shi ne a ambace su. Mu da muka san labarin tsohuwar Bussa da ruwan Kainji ya shanye, da abin da manoman Bakolori suka gani a 1980, ba sai an yi mana dogon bayani ba game da yadda ake lissafa ribar madatsa a birni a manta da wanda aka tasa a ƙauye.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: cewa gonakin nan dama suna kan hanyar mutuwa. Ƙasar ba ta ba da hatsin kirki, damina da sanyi ba su da tausayi, kuma iyalan sun daɗe suna haɗa kiwo da saƙar hannu da fasa dutse, wasu da haƙar darma. Da masaƙun injin tururi suka kashe saƙar hannu a farkon rabin ƙarni na 19, ƙafa ɗaya ta rayuwarsu ta karye, matasa suka gangara masana'antun auduga. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba zan ce da ba don Liverpool ba da yau gidajen suna cike da mutane ba. Sai dai a wasu tuddan Ingila masu irin wannan wahala, kamar kwaruruwan Yorkshire, gonakin tumaki da yawa sun jure har yau. Akwai kuma bambanci tsakanin mutumin da ya auna halinsa ya tashi da wanda aka yanke masa hukunci a ofishin da bai taɓa takawa ba. Ko da an ɗauka talauci ne kaɗai ya kore su, wannan ma tarihi ne da ya cancanci adanawa, domin shi ne tarihin yawancin mutanen wannan yanki na Lancashire. Masu lambu irin na Lever ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Akwai masu cewa Lever mai alheri ne, bai kamata a rage masa daraja ba. Lalle ya gina wa ma'aikatansa ƙauyen Port Sunlight tun daga 1888, da gidajen da suka fi na yawancin leburorin zamanin, kuma filin da ya bayar har yau kyauta ake shiga. Ban nemi a cire sunansa ba, na nemi a cika labarin ne. Sabulunsa da manja da man alayyadi ake yin sa, kuma neman waɗannan mayuka ya kai shi Kongo ta Beljiyam a 1911, inda masana tarihi suka tabbatar kamfaninsa ya amfana da aikin tilas. A 1920 ya sayi kamfanin Neja, wanda ke cikin manyan masu sayen gyaɗar Kano bayan isowar jirgin ƙasa, wanda kuma daga baya, a 1929, ya shiga cikin kamfanin UAC. Ya nemi a ba shi mallakar manyan gandaye a Nijeriya, Gwamna Hugh Clifford ya ƙi, da hujjar cewa ƙasar ta manomanta ce. Ba zan ce gyaɗar Kano ce ta gina lambun Rivington ba, domin an fara shi tun kafin wannan ciniki, kuma cinikin ma ya kusa durƙusar da kamfaninsa. Abin da nake cewa shi ne tambayar da ke kwance a ƙarƙashin duwatsun Hempshaws, wato wa ke da ikon raba manomi da ƙasarsa da sunan ci gaba, ita ce tambayar da ta bi Lever har bakin kogin Kongo da Legas. Mai ziyarar da aka nuna masa gada da tafki kaɗai an tauye masa mafi nauyin abin da wurin zai iya gaya masa.

Saura masu jin cewa kyawun kufai yana cikin shirunsa, alluna da shinge za su ɓata shi. Ina girmama wannan ra'ayi, kuma ba wanda ke so a mayar da Great Hill kasuwa. Amma abin da ake buƙata kaɗan ne: a ɗaure ragowar bangon don kada sanyi da ƙafar tumaki su ƙarasa su, a rubuta sunan gida da sunayen iyalan da takardun ƙidaya suka nuna da lokacin da aka bar shi, a kuma haɗa wannan bayani da wanda ake bayarwa a lambun don mai hawa ya san labari ɗaya yake bi. Hanyar yin haka a buɗe take, domin ƙasar da Liverpool ta tara ta koma hannun hukumar ruwa ta yankin a 1974, aka sayar da hukumar ga 'yan kasuwa a 1989, yau kuma kamfanin United Utilities ne ke riƙe da lambun da yawancin tudun gaba ɗaya. Kamfanin da kansa ya bar tsohon tunanin cewa sai an kori manomi ruwa zai tsarkaka, domin tun wajen 2005 yana aiki tare da manoma 'yan haya a wasu filayensa wajen gyara dausayi da daidaita kiwo. Tunda mai ƙasar ɗaya ne, kuma gyaran kufan gona goma ba zai ci ko kusa da abin da lambun ya ci ba, babu sauran dalilin jinkiri.