Wa Zai Ba Magajiya Bakin Magana a Silima?

Akwai wani fim da ya kamata duk mai tunanin halin da ƙasarmu take ciki ya nema ya gani, ko da yake ba da Hausa aka yi shi ba. Sunansa Moi, un noir, watau Ni Baƙar Fata, wanda Bafaranshen nan Jean Rouch ya fitar a 1958. Labari ne na samarin Nijar 'yan ci-rani a unguwar Treichville ta birnin Abijan. Babban ɗan wasan shi ne Oumarou Ganda, wanda ya yi wa Faransa soja a yaƙinta na Biyetnam, ya dawo ya zama lebura. Ransa ya kwanta ga wata mace mai zaman kanta da ake yi wa laƙabi Dorothy Lamour, amma ran da ya buga ƙofarta da sassafe sai ya tarar da wani Bature ɗan Italiya, suka kama faɗa, Baturen ya yi masa duka. Ga talauci, ga kaɗaici, ga takaicin wanda ya yi wa mai mulkinsa yaƙi aka manta da shi.

Fim ne mai ratsa zuciya, amma yana da giɓi guda. Ita matar ba mu ganinta sai ta idon namiji. Me ya raba ta da gida? Ba a gaya mana ba. A ganina, mu ne ya wajaba mu cike wannan giɓi, domin tarihin siyasarmu yana da bashin irin waɗannan mata a wuyansa.

Da aka kafa NEPU a Kano a 1950, ta shiga kokawa da NPC, matan aure suna cikin kulle, ba su zuwa lacca. To, su wa suka yi anko, suka yi waƙa da guɗa, suka dafa wa baƙin jam'iyya abinci? Da yawansu matan gidan magajiya ne, kuma jam'iyyun biyu duk sun ci moriyarsu. Alhali kuwa macen Arewa ba ta sami ikon jefa ƙuri'a ba sai 1976. Watau sun yi wa wasu noma a gonar da ba su da ko dami ɗaya a cikinta. Bugu da ƙari, in damina ta yi gardama, su ake fara kora daga gari, ko a ba su wa'adin yin aure, sai ka ce su suka riƙe hadari. An ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Har sunan karuwa ya zama sandar dukan duk macen da ta leƙa siyasa, ko da mai mutunci ce irin Hajiya Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri saboda aƙidarta.

Ba sai mai fim ya tafi Abijan neman labari ba. Ya zo ƙasar Ƙaraye da Rogo bayan an ɗauke amfanin gona, ya tsaya a tasha ranar kasuwa. Zai ga samari sun nufi Kano da Ikko ci-rani, kowa yana sa musu albarka. Amma yarinyar da aka yi wa auren dole ta gudu, ko bazawarar da aka saka da goyo gidansu ba hatsi, in ta hau motar nan, ita ba mai rakiya, ba kuma mai jiran dawowarta. Wannan shi ne kaɗaici na ainihi.

Wani zai ce irin wannan fim tallan fasadi ne. Tsoron yana da dalili, shi ya sa ma Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. Amma nuna ciwo dabam, yabon ciwo dabam. Ba tsiraici muke nema ba. Muna neman fim mai kunya da ladabi, wanda zai tambayi uban da ya karɓi sadaki ba da yardar 'yarsa ba, da mijin da ya yi saki bisa gishirin miya, da ɗan siyasar da ya san hanyar gidan magajiya lokacin zaɓe ya mance ta bayan rantsuwa. Fim ɗin da ya nuna karuwa tana shewa, ta tuba a minti biyar na ƙarshe, bai koya wa kowa kome ba, domin ya wanke masu laifin duka ya bar ta ita kaɗai.

Oumarou Ganda bai tsaya yana ƙorafi ba. Ya ɗauki kyamara da kansa, har fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na jami'o'inmu su yi koyi da shi, su nemi tsofaffin da suka ga zamanin NEPU tun suna da rai, su rubuta abin da suka ji. Allah ya sa mu dace, amin.