Ƙashi ma yana da birki, mu kuma muna taka shi da maganin ƙiba

Jama'a, in tsohuwa ta zame a banɗaki ƙugunta ya karye, sai mu ce tsufa ne, a kira mai ɗori. Sau da yawa kuwa cuta ce, osteoporosis, wato zaizayar ƙashi har cikinsa ya koma kamar soso.

Ƙashi ba busasshen icce ba ne, kullum ana rushe tsoho ana gina sabo. Furotin mai suna RANKL shi ke ba masu rusau umarni, wani kuma, sclerostin, shi ke taka wa magina birki. Da mace ta daina al'ada, sinadarin estrogen ya ja baya, sai rusau ya fi gini sauri.

Ku ji inda aka gano birkin nan. A Afirka ta Kudu, cikin Turawan Afrikaner, akwai masu wata cutar gado da ƙashinsu ke yin kauri fiye da kima, har ƙoƙon kai ya matse jijiya mutum ya kurmance. A 2001 aka gane cewa jikinsu ba ya yin sclerostin. Daga nan aka haɗa allurar romosozumab mai toshe shi, Amurka ta amince da ita a 2019. Duk wata ake yi, tsawon shekara guda, kuma ba a yi wa wanda bai daɗe da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Denosumab kuma RANKL take kullewa, duk wata 6, amma in aka tsayar da ita haka kawai ƙashin baya na iya karyewa.

To, alluran nan sun fi ƙarfin talaka. Alendronate, ƙwaya ɗaya a mako, ita ce mai sauƙin kuɗi.

Abin da ke ci min rai shi ne dexamethasone da prednisolone da 'yan mata ke saya a kemis don su yi ƙiba, wai su cika kafin biki. Wallahi kumburi ne da tara kitse. Magungunan nan suna raunana magina ƙashi, su ƙara wa RANKL ƙarfi, a daidai shekarun da mace ke tara ƙashin da za ta tsufa da shi. Ya kamata hukuma ta hana sayar da su ba takardar likita, mai kemis ɗin da ya karya doka a rufe shagonsa.

Wadda ta daɗe tana sha, don Allah kada ta yanke lokaci guda, yin hakan ma haɗari ne. Ta je asibiti a rage mata a hankali.